Bakaniken Dilimi da Ya Kwance Mini Fulin Fankar da Tsatsa Ta Kama

Duk mai tsohon injin da kayan gyaransa suka ɓace daga kasuwa, in wani ƙarfe ya cije a jikinsa, akwai wani dattijon bakanike a lungunan Dilimi, cikin garin Jos, da zan iya tura shi wurinsa hankalina kwance. Mai gaggawa kuwa kada ya ɓata kuɗin keke, don ba za su shirya ba. Wurin ba shi da allo, rumfar kwano ce da ɗan ɗaki a bayanta, kuma mutanen layin Baba kawai suke ce masa. Aikin da ya yi mini a ido ƙarami ne: fulin fankar injin da nake ban ruwa da shi, wato gargaren ƙarfen da fambel ke hawa, shi ne ya kafe, ya kwance shi. Amma wanda ya san irin wannan fulin ya san da ya fashe, da injin gaba ɗaya ya zama kayan 'yan gwangwan.

Injin na dizal ne mai silinda huɗu, ƙirar Amurka, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye shi a gwanjo lokacin da masu haƙar kuza ke tattara nasu-ya-nasu, bayan farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. A da aikinsa kwashe ruwa daga ramin haƙa. Yanzu daga irin waɗannan ramukan, da suka zama kududdufai, yake ɗebo ruwa yana kai wa kabeji da karas da tumatir a gonarmu ta rani da ke bayan Bukuru. Abokai sun sha ce mini in sayar da shi in sayi ƙananan injinan fetur ko na hasken rana. Gonar a kan tudu take, kududdufin kuma yana da zurfi, ƙaramin inji ba ya kai ruwa can sama yadda wannan tsohon ke kaiwa.

Yawancin kanikawanmu sun saba da mota da taraktar Massey Ferguson, inda in fambel ya saki sai a sassauta notin altaneta ko dainamo, a ja shi baya, a ɗaure. Nawa ba haka yake ba. Fambel ɗin fanka tsakanin fuli biyu kawai yake tafiya, na ƙasa da ke kan kiranshaf da na sama da ke kan famfon ruwan injin, kuma babu ɗayansu da ke matsawa daga inda yake. Dabarar tana cikin fulin sama. Ɓari biyu ne, kamar kwanon sha biyu da aka haɗa gindi da gindi. Ɓarin baya a haɗe yake da cibiyar fulin, ɓarin gaba kuma yana hawa kan cibiyar da tiredi irin na noti. In ka murɗa shi ciki, kwarin da ke tsakaninsu ya matse, fambel ya hau sama ya yi tauri. In ka murɗa shi waje, kwarin ya buɗe, fambel ya faɗa ƙasa ya saki. Sai wani ɗan sukuru a gefe da ke kulle shi don kada ya juya da kansa. Tsofaffin injinan Amurka da yawa haka suke, har da taraktocin Farmall H da M da kamfanin International Harvester ya fara fitarwa a 1939. Tsari ne mai sauƙi, matuƙar ana taɓa shi lokaci zuwa lokaci.

To mu ba a taɓa shi. Fambel ɗaya yakan yi shekaru, injin kuma daga Afrilu zuwa Oktoba yana kwance ƙarƙashin tamfol yana shan raɓar damunar Jos. Ga sil ɗin famfon, wato abin da ke hana ruwa zurarewa, yana ɗan tsiyaya, ruwan yana bin shaf zuwa cikin tiredin, sannan hunturu ya zo ya cusa ƙura a kai. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka in ta taru a ɗan tsukin da ke tsakanin tiredi biyu, sai ta danne su daga ciki har su zama tamkar ƙarfe ɗaya.

Bana da muka tayar da injin, fambel ya fara kuka, gefensa ya yi sulɓi yana ƙyalli, kafin a cika komi goma na kabeji da ruwa lagireto ya fara tafasa. Fanka da famfo duk a kan fambel ɗin suke, in ya zame iska ta ragu, ruwan sanyaya injin kuma ya daina zagayawa. Wani matashin bakanike da ke gyara mana babura ya zo ya duba. Ya kama kan ɗan sukurun da sifanar milimita alhali na inci ne, ya goge masa kusurwoyi, sannan ya sa filaya ya murɗe kan ya guntule. Da ya ga haka sai ya ɗauko kurfi da guduma ya hau bugun bakin fulin, har ya ɓantare wani yanki kamar faɗin farce. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Na dakatar da shi, muka kwance famfon gaba ɗaya da fulin a jikinsa, na sa a buhu. Wani mai sayar da kayan tsofaffin manyan motoci ne ya kwatanta mini Baba.

Na same shi zaune kan wani tsohon bulok na inji, da hular sanyi da tabarau ɗaure da zare. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ku duba mini wannan, an ce ku ne maganinsa." Bai amsa ba sai da ya juya fulin a hannu, ya kai babban yatsa kan inda ya ɓantare.

"Wa ya dake shi?"

Na faɗa masa.

"Ɗan nan, wannan kas ne, ƙarfen zubi. Kas ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Da ya ƙara biyu da ba ka zo nan ba."

Ya rataye famfon da waya, ya ƙwanƙwasa bakin fulin da ƙaramar sifana, ya kasa kunne. Ƙarar ta fito tas, ya ce babu tsagewa a ciki, da akwai da ƙarar ta mutu. Daga nan ya sa burushin waya ya kankare ɗan tiredin da ya leƙo a gaban ɓarin, ya bi shi da farce don ya tabbatar ta wane ɓangare yake kwancewa, saboda a jikin abubuwan da ke juyawa akan samu tiredin hagu, kuma mutum na iya kwana yana ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Nawa na dama ne. Duk wannan kafin a yi maganar kuɗi, kuma kafin ya ɗauki wani abu mai nauyi. A nan na fara yarda da shi.

Sai ya ce in bar shi in tafi. Na ce kabeji na cikin mako na uku da dashe, ba zai jure ƙishi ba. Ya ce in nemi aron inji, don shi ba zai iya gaya wa tsatsa ta yi sauri ba. Haka na yi, na ɗauki hayar ƙananan injina biyu ana yi wa ruwan zango a tsakiyar tudu. Amma ban tafi na bar shi ba, ina leƙowa duk lokacin da na kawo kaya kasuwar Farin Gada, shi ya sa na ga yawancin aikin da idona.

Farko ya raba fulin da famfon. Dalilinsa shi ne za a kai ga sa wuta, kuma wuta tana ƙona sil, tana narkar da giris ɗin boris. Bai yi amfani da abin zaro fuli mai ƙafa uku ba, wanda ke kama baki, don bakin ne mafi rauni. Yana da wani firam da ya haɗa da kansa da ƙarfen shasi da jak na babbar mota. Ya tokare cibiyar fulin daga baya da faranti biyu masu kauri, ya danna shaf ɗin ya fita a hankali.

Sai guntun sukurun da ya karye daidai da fuskar ƙarfe. Na zaci haƙe shi zai yi da dirila. Ya ce wannan sai in komai ya ƙi, don sukurun kulle ƙarfensa ya fi kas tauri, bakin dirila yakan zame ya ci jikin fulin ya bar sukurun. Ya ɗora wasa, ɗan zoben ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin noti, a kan guntun, ya aika yaronsa wurin mai walda na maƙwabta aka ɗiga walda ta cikin ramin wasan, sannan aka ɗora noti a kai aka cike cikinsa. Waldar ta kama guntun, zafinta kuma ya girgiza tsatsar da ke kewaye da shi. Ya bari ya huce da kansa, ya ɗiga mai, ya sa sifana yana yi gaba yana yi baya kaɗan-kaɗan har ya fito. Ramin da sukurun ya bari ya zama ƙofar zuba mai kai tsaye cikin tsakiyar tiredin, inda feshin gwangwanin da muka yi ta yi a gona bai taɓa isa ba.

Daga nan aka shiga jiƙo. Rabin jarka ce da aka yanke, cike da dizal da aka gauraya da jan man giya. Fulin ya nutse a ciki kwana da kwanaki. Kowace safiya Baba zai tsamo shi, ya jingina wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi a gefe ɗaya na wuyan ɓarin gaba, ya riƙa ƙwanƙwasa ɗaya gefen da gudumar tagulla, yana juyawa har ya zagaye. Ba duka ba ne, ƙwanƙwasa ce wadda ba za ta fasa ƙwai da ƙarfi ba, kuma a wuya mai kauri kawai, bai taɓa kai guduma bakin ba. Manufar ita ce tsatsar ta tsattsage a ciki mai ya samu hanya. Sai ya mayar cikin jarka ya koma kan wani aikin. Wannan matakin ne ya fi cin raina, domin in ka zo ka tarar da kayanka a cikin mai, mai gyaran kuma yana shan shayi, sai ka ji kamar an manta da kai.

Ranar da ya ce za a gwada, da sanyin safiya ne, irin sanyin Disamba na Jos da hannu ke ƙin kama ƙarfe. Ya riga ya shirya abubuwa biyu. Ɗaya faranti ne da ya huda daidai da ramuka huɗu da ake ɗaure fanka, ya ɗaure cibiyar fulin a kai, ya damƙe farantin a bayis, saboda haƙoran bayis kada su taɓa kas ɗin. Ɗayan kuma sifana ce ta musamman da ya ƙera: miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon hannu, an yanke bakinsa rabin da'ira, an yi masa haƙora biyu da ke shiga daidai cikin gurabun da ke wuyan ɓarin gaba. Waɗannan gurabun ne masu kurfi ke bugu. Da wannan sifanar ƙarfin yana rabuwa gefe biyu a lokaci ɗaya, babu bugu.

Ya goge man tas da tsumma, ya sa yaro ya janye jarkar dizal, ya kunna wutar kabayit. Bai tsayar da harshen wutar wuri ɗaya ba, zagaya wuyan yake yi ba tsayawa, kuma bai kusanci cibiyar ba. Abin da ake so na waje ya buɗe kafin zafi ya isa na ciki. Ƙarfen kas yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100,000 na faɗinsa a kowane digiri, don haka wuya mai faɗin milimita 60 in ya fi cibiya zafi da digiri 200, ya buɗe da kusan milimita 0.12. A ido ba komai ba ne, amma ya isa ya karya riƙon tsatsa. Bai bari ya yi ja ba. Da ragowar man cikin tiredin ya fara hayaƙi sosai yana tsartuwa ta ramin sukurun, ya kashe wutar, ya goga guntun kyandir a bakin tiredin, kakin ya narke ya shige. Ni dai ina ganin zafin ne ke aikin ba kyandir ba, amma ba ni na shekara hamsin ina yi ba, na ja bakina.

Ya ɗora sifanar, ya jingina da nauyin jikinsa, ba fizga. Abin da ya ba ni mamaki, ta ɓangaren ɗaurewa ya fara. Shiru. Ya juyo ta kwancewa. Shiru. Ya ajiye ya ce a bar shi ya huce. Yaron ya miƙo kofin ruwa zai zuba, Baba ya daka masa tsawa, ya ce ruwan sanyi a kan kas mai zafi shi ne tsagewa. Aka tura fulin cikin bokitin toka ya sauka a hankali, ya koma jarka.

A zagaye na gaba ne ya motsa. An sake zafin kamar na farko, ya jingina, sai muka ji ɗan ƙas, alamar alli da ya zana a kan ɓarin da cibiyar ta goce da kamar kaurin ashana. Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, a sa bututu a ƙara tsawo a gama." Ya ce, "A'a, yanzu ne ake ɓata shi." Bayaninsa shi ne tsatsar da ta farfashe tana nan cikin tiredin, in aka tilasta juyi ɗaya dogo sai ta dunƙule ta ci haƙoran. Sai ya riƙa mayar da shi inda ya fito, ya dawo, ya ɗiga mai ta ramin sukuru, ya sake komawa, kowane zuwa yana ƙara ɗan nisa. Wani jan kwaɓi mai kauri ya riƙa fitowa ta bakin tiredin, yaro na sharewa. Daga kaurin ashana zuwa faɗin yatsa, zuwa rubu'in juyi, zuwa rabi. Kafin azahar ya ajiye sifanar yana juya shi da hannu biyu har ya fita.

Da aka wanke cibiyar da kalanzir sai ga ainihin abin da ya ƙara cije shi. A jikin tiredin akwai kwari biyu da aka yanka a tsaye, ɗaya na kallon ɗaya, kuma a cikin ɗayansu ne ya kamata bakin sukurun kulle ya sauka. Wani, Allah kaɗai ya san ko a zamanin kuza ne, ya ɗaure sukurun a kan haƙoran tiredin kai tsaye ya lotsa guda uku. Baba ya ɗauko ƙaramin magagari mai kusurwa uku ya zauna yana tayar da haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana gwada ɓarin, yana cirewa, har ya riƙa shiga daga farko zuwa ƙarshe da yatsu biyu. Ya wanke ramin sukurun da abin yanka tiredi na inci, daga cikin wata tsohuwar gwangwanin alewa da ya ce tun yana yaron shago yake tara su. Wannan ma dalili ne na zuwa wurinsa: yana da sifanu da kayan tiredi na inci, na Amurka da na Ingila irin na Whitworth, waɗanda garejin zamani ba sa ajiyewa.

Wurin da ya ɓantare a baki bai cike shi ba. Na so a yi, ya ce fambel ba ya kaiwa can, kuma sa wa bakin kas mai siriri wutar cikewa ya fi ɓantarewar haɗari. Ya goge kaifin da magagari don kada ya yanki fambel, ya bar shi haka. Ya aike ni na sayo giris mai ruwan tagulla wanda ake shafa wa tiredi don kada ya sake kamawa, da sabon fambel mai lamba B, wanda faɗin bayansa milimita 17 ne. Tsohon fambel ɗin ya cinye har yana taɓa gindin kwarin, alhali fambel irin wannan da gefensa yake riƙo, in ya taɓa ƙasa ko an ɗaure shi zamewa zai yi.

Bai bi ni gona ba, ya ce ƙafarsa ba ta son doguwar tafiya, ya haɗa ni da babban yaronsa. Yaron ya iya abin da aka koya masa. Ya buɗe fulin sosai ya sa fambel da hannu, ba tare da ɓanɓara shi da sukundireba ba. Yana murɗa ɓarin rabin juyi, yana sa a juya injin da hannu don fambel ya hau sama kada a matse gefensa tsakanin ɓari biyu. Ya tsaya lokacin da babban yatsa ke danna tsakiyar fambel ya shiga kamar rabin inci, ya daidaita ramin sukuru da kwarin, ya kulle. Ya ce in an wuce haka boris ɗin famfo ne zai biya. Bayan injin ya yi aikin yini ya sake dubawa ya ƙara rabin juyi, don sabon fambel yakan ɗan saki. Ya kuma bar mini saƙon Baba: duk ƙarshen rani kafin a rufe injin, a sassauta sukurun, a juya ɓarin gaba da baya, a shafa giris, in kuma aka wayi gari sai an murɗa shi har ƙarshe kafin fambel ya yi tauri, fambel ɗin ne ya ƙare. Tun daga ranar lagireto bai sake tafasa ba.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba, don kada wani ya je ya ce ban faɗa ba. Baba ba ya cika alkawarin rana. "Gobe in Allah ya kai mu" a bakinsa tana iya zama jibi ko gata, kuma ba zai kira ka ya ce kada ka zo ba. Wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a ɗaki, sai an dace ake ɗauka. Na yarda jiƙo na son lokaci, amma akwai ranar da aka rasa saboda babu wuta a wurin mai walda, da wata da ya tafi jana'iza ya rufe, yaran kuma ba sa taɓa aikin da ya fara. Da ya gaya mini tun farko cewa abin zai haura mako, da na yi cinikin hayar injina a dunƙule, ya fi mini sauƙi.

Ba a rubuta komai. Babu rasit, babu takardar abin da ka kawo. Notuna da wasoshin famfona a gwangwanin madara aka zuba su, kusa da wasu gwangwanaye irinsa na wasu mutane. Nawa sun dawo cif, amma na ƙirga su a gabansa kafin in tafi, kuma ina ba kowa shawarar ya ɗauki hoton kayansa da waya. Sannan maganar tsaro. Tukunyar kabayit da jarkar dizal a rumfa ɗaya suke, taku kaɗan tsakaninsu, kuma yaran na goge tsatsa da burushin inji babu tabarau. Na yi masa magana, ya ce shekara nawa ba abin da ya faru. Wannan amsar ba ta gamsar da ni ba, ga shi 'ya'yan mutane ne. Fentin fulin da wuta ta ƙone ma haka ya miƙo mini shi, ni na saya na shafa, alhali tsatsa ce ta kawo mu. Lungun kuma mota ba ta shiga, in kayanka na da nauyi sai ka nemi mai baro daga bakin titi.

Kuɗin aikin bai yi yawa ba. Bai kai abin da na kashe a hayar injina ba, kuma ya yi ƙasa ƙwarai da abin da wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya nema don ya ƙera mini sabon fuli, wanda ma ba mai murɗawa ba ne, sai an ƙara masa wani ƙaramin fuli na tokare fambel. Baba ba ya son doguwar tayi. Ya faɗi kuɗinsa bayan ya gama, na nemi ragi, ya cire ɗan abin da ya cire ya ce sauran haƙƙin yara ne. Kuɗin walda, mai, giris da fambel duk a kaina suke, dabam.

Ba kowane aiki yake karɓa ba. Ina zaune wani ya kawo injin janareto ƙarami, ya tura shi gaba. Lagireto ma ba ya yi, na'urar feshin mai kuma ya ce a kai wa masu ita. Abin da na ga ana kawo masa shi ne irin nawa: kusoshin da suka karye cikin bulok, fulin injin niƙa da ya kama shaf, tsofaffin famfuna, kayan tarakta da aka daina shigowa da su. In za ka je, ka kai abin da duk abin da yake manne da shi, kada ka bari a fara gwada masa guduma a gida, kuma ka je da safe, ban da Juma'a.

Sil ɗin famfon da ke tsiyaya, wanda shi ne tushen matsalar, har yanzu ba a canza ba, don ba shi da shi. Ya auna shaf da gurbin da kalifa, abin auna kauri, ya rubuta mini lambobin a bayan kwalin fambel, ya ce in bi shagunan kayan manyan motoci in tambaya da awo, kada in ambaci injin, in na ambata za su ce babu tun kafin su duba. Na samu ɗaya da ya yi daidai a shaf amma ya fi gurbin faɗi kaɗan, kuma Baba ya ce in kawo famfon bayan an kwashe kabeji ya ga ko za a iya buɗe gurbin.